Gadar da Kawu Toai Ya Haye Shiru

Kawu Toai maƙwabcinmu ne a Phan Rang, a layin da ke bayan kasuwar kifi. Tun da na yi wayo aiki ɗaya na san shi da shi: dakon ƙanƙara a babur, daga inda ake yin ta zuwa bakin teku inda masunta ke sauke kaya. Siriri ne, rana ta gasa shi, kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace saboda yadda yake tare nauyi a kwana. Yakan ce shi kaɗai ne a garin nan bayansa ke cikin sanyi gabansa na cikin wuta. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, ba a zama ɗaya ba, domin mutum ne da yake daɗewa shiru kafin ya ƙara magana a kan wadda ya fara.

Matarsa, Inna Nhan, 'yar Da Lat ce, garin sanyi da ke can saman dutse. Tana budurwa ta sauko a bayan motar kabeji tana taya mahaifinta ciniki, motar ta mutu a bakin kasuwarmu da tsakar rana. Toai ya ga kabejin na yin yaushi, ya sauke musu ƙanƙara ya ƙi karɓar komai. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure. Danginta ba su hana ba, ba su kuma yi murna ba. Su mutanen lambu ne, masu magana a hankali, masu saka safa a cikin gida. Shi kuwa ɗan bakin teku ne, in ya yi dariya sai layi ya ji.

Sau ɗaya ya taɓa hawa Da Lat, ranar da aka yi jana'izar mahaifinta. Ya saka rigarsa mafi kyau, ya shiga ya kunna turaren tsinke a gaban gawa. Yana juyowa yayanta Khiem ya yatsine hanci a gaban baƙi, ya tambaya wa ya shigo da romon kifi ɗakin. Wasu suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Da aka zo cin abinci, aka nuna wa Toai tebur a bayan gida tare da leburorin lambu. Bai ci ba. Ya sauko a motar yamma, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka garin ba.

Inna Nhan ba ta taɓa sabawa da zafinmu ba. Kullum da jiƙaƙƙen tawul a wuyanta, tana zaune bakin ƙofa tana gyaran ganye, tana fifita da murfin tukunya. Tana da wata koriyar rigar sanyi da mahaifiyarta ta saƙa mata, a ƙasan akwati cikin kafur. Duk bayan Tet, bikin sabuwar shekara, sai ta fito da ita ta shanya a igiya. Matan layi su ce, "Yaya Nhan, ƙanƙara za ta sauko ne?" Ta ce in ta sauko ai mijinta ya rasa aiki, gara kada ta sauko.

Da farko takan je gida a motar haya, ta dawo a galabaice, domin kwana-kwanar dutsen na sa ta amai. Amma ba wannan ne ya fi damunta ba. So take danginta su gan ta ta iso a bayan babur ɗin mijinta, ta riƙe ƙugunsa, kamar yadda sauran matan aure ke zuwa gida. Tafiyar rabin yini ce. Duk lokacin da ta tayar da maganar sai ya ce bayan kakar kifi. In kakar kifi ta wuce ya ce damina ta ɓata hanya. In damina ta wuce ya ce taya ta suɗe. Ba ta taɓa ce masa ƙarya yake yi ba. Da mahaifiyarta ta rasu ita kaɗai ta je. Daga baya gwiwoyinta suka ƙi, ta daina zuwa, ta daina tambaya.

Ciwon ajalinta bai ja lokaci ba. Ranar da ta ga ba tashi za ta yi ba, ta kira shi kusa.

"Baban Thoa, in an ƙona ni kada ka ajiye ni a nan. Zafin da na sha ya ishe ni. Ka kai ni kusa da innata."

Ya ce zai kai ta da kansa. Ta dube shi, har ta ɗan yi murmushi.

"Bayan kakar kifi?"

Ya ce mini maganarta ta ƙarshe ke nan da ya iya ganewa.

Bayan an gama addu'o'in da ake yi wa mamaci, 'yarsu Thoa ta ce a ɗauki shatar mota. Ya ƙi. Ta yi kuka, ta yi faɗa, hutunta ya ƙare ta koma kamfanin takalma a Saigon. Shi kuwa ya wanke babur, ya cire katakon da yake ɗora ƙanƙara a kai, ya naɗe tulun tokar a cikin koriyar rigar, ya ɗaure a gabansa tsakanin cinyoyinsa. Tsofaffin layi suka fito suna tuna masa abin da kowa ya sani: mamaci ba ya haye ruwa shi kaɗai. Duk gadar da ka zo, babba ko ƙarama, ka kira shi, ka gaya masa gada ce, ka jefa ɗan abin da ya samu a ruwa, in ba haka ba sai ya tsaya a wancan gefen kai ka wuce da tulu. Toai ya ce musu shi ba yaro ba ne.

Ya tashi da hantsi. A gadar farko ya rage gudu ya ce, "Maman Thoa, gada ce, riƙe ni mu haye." Ya ce da ya faɗi haka sai ya ji kunya, kamar masu wucewa sun ji shi yana zancen soyayya. A ta biyu kunyar ta tafi. Kafin ya kai gindin dutse hira yake yi mata sosai, yana nuna mata gonakin inabi, yana gaya mata wane ya sayar da jirginsa, wane ya aurar da 'yarsa.

A gindin dutse ya tsaya a rumfar wata mai kofi. Matar ta ga yadda ya rungumo ƙunshin ya ajiye a kujera a hankali, ta ce, "Kawu, a shekarunka ka samu jariri?" Ya ce matarsa ce. Ta shiga ciki, ta fito da kofi na biyu ta ajiye gaban ƙunshin, ta kunna tsinken turare ta soka a cikin kofin shinkafa. Da zai tashi ta dubi 'yar shararar rigarsa, ta miƙo masa rigar ruwa ta leda, ta ce can sama ba kamar nan ba ne. Ya yi dariya ya ƙi karɓa, ya ce mai dakon ƙanƙara ne za a tsorata da sanyi.

Hawan dutsen ya yi masa daɗi. Babur ɗin na kuka, hanya na lanƙwasa, ƙasar da ya baro na ƙara yin nisa a ƙarƙashinsa, fara fat kamar faranti. Ya ce a wata kwana iska ta canja lokaci guda, ta zo da ƙanshin itatuwan nan masu ganye kamar allura, ya ji kamar tulun ya yi sauƙi. Ya ce mata, "Ga abin naki nan." Ya haye babbar gadar garin Dran, ya kira ta, ya jefa abin jefawa.

Daga nan ne sanyin ya kama shi da gaske. Ba irin na ƙanƙara ba ne da ke tsayawa a baya, wannan ta hannun riga yake shiga ya sauka har ciki. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya. Haƙoransa suka fara kaɗawa, yatsunsa suka ƙage a kan birki. Samari da 'yan mata daga Saigon suka riƙa wuce shi a manyan babura, cikin riguna masu kauri, suna ihu suna ɗaga waya. Wata motar kayan lambu ta manne masa a baya tana danna oda. Kuma da garin ya matso, sai Khiem ya cika masa kai. Ya fara shirya abin da zai faɗa. In ya ce kaza, zan ce kaza. In ya yatsine hanci, zan ce masa wannan warin ne ya ciyar da ƙanwarka har ta mutu. Ya yi ta gyara maganar, yana sa mata gishiri, har ya hango rumfunan leda na lambuna sun rufe tuddai.

Da ƙyar ya gane gidan. Inda dā kabeji yake yanzu ƙananan ɗakunan baƙi ne masu fenti, da lilo da aka kewaye da furanni don ɗaukar hoto, da babura jere a ƙofa. Luyen, matar Khiem, ita ta fara fitowa. Ta ga ƙunshin, ta gane rigar, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba. Toai bai ji haushi ba, ya san ba a shiga da toka gidan mutane, balle gida mai baƙi. Ta fito masa da 'yar kujera da shayi mai zafi nan waje.

Sannan Khiem ya fito. Ya tsufa ƙwarai, da sanda, da hular ulu har kunne. Ya tsaya gaban ƙunshin, ya haɗa hannu ya sunkuya, ya daɗe a haka. Ya ɗago ya ce, "Ƙanena, ka sha hanya." Ya aika aka kawo wa Toai bargo. Toai ya ce mini wannan ya fi zagi ciwo. Duk maganar da ya dafa a hanya ta tashi a banza, babu inda zai zuba ta.

Khiem ya ce tun da suka ji rasuwar suka nemi gurbi a haikali, a hasumiyar da ake ajiye toka, daidai gefen na mahaifiyarsu. Gobe da safe sai a kai ta. Sai ya tambaya, a hankali, ko an kira ta a gadoji. Toai ya ce an kira, ya fara lissafa su tun daga Phan Rang har Dran. Khiem na gyaɗa kai.

"Ƙaramar nan fa, bayan Dran, ƙasa da masu sayar da busasshiyar kanya?"

Toai ya ce babu gada a wurin.

"Akwai. Ba ta da ƙarfe a gefe, rafin ba ya ƙara. In akwai gajimare ba ka ganinta."

Toai ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna masu kanyar, ya tuna odar motar, ya tuna a daidai wurin ne yake gyara maganar warin kifi. Bai tuna bakinsa ya buɗe ba.

Luyen ta ce, ba da ɗaga murya ba, "To ai toka ka kawo mana. Ita tana can bakin rafi cikin wannan sanyin, ko rigarta ba ta da ita."

Khiem ya ce mata ta shiga ciki. Toai ya ajiye shayin, ya ninke bargon ya ɗora a kujera, ya ɗaure ƙunshin ya juya babur.

Gadar na nan inda aka ce, tsawonta bai fi na babur biyu ba. Ya haye, ya tsaya a gefen da ya baro ta, ya kunna turare, ya kira. Ya ba ta haƙuri. Sannan ya ari faranti wurin masu kanya, ya fito da tsofaffin kwabbai biyu don ya tambaye ta kamar yadda ake tambayar matattu: in ɗaya ya faɗi ta fuska ɗaya ta baya, ta amsa, in suka faɗi iri ɗaya, ba ta amsa ba. Ya jefa, suka faɗi iri ɗaya. Ya sake, haka. Ya jefa na uku, wanda daga shi mutum ɗaya ba ya ƙarawa a yini, haka dai.

Ya kwana a rumfar wani mai faci. Washegari ya dawo da shinkafa da soyayyen kifi irin wanda take so, ya ajiye a bakin rafi. Wata tsohuwa cikin masu kanya ta ce wataƙila ƙasa take so su koma. Wata ta ce a'a, fushi ne, mace in ta yi fushi ba a lallashinta da kifi. Suka yi ta musu a kansa kamar ba ya wurin. Ya ce, "Maman Thoa, ni ne. Na yi kuskure. Tashi mu tafi." Kwabban suka ƙi shi har sau uku.

Ya ce mini ya zauna a kan dutse yana kallon ruwan, ya ga ashe ba ta taɓa ƙin sa ba sai yanzu. Shekara talatin da wani abu, abin da ya ce shi ake yi. Ya kuma san wanda ya rage ya roƙa, ya yi ta neman wata hanya bai samu ba.

Ya hau ya koma ƙofar gidan. Khiem na zaune a rana yana ɓare wake.

"Yaya, ta ƙi ni."

Khiem ya ajiye waken. Ya shiga ya fito da babbar riga, ya ba Luyen sandarsa, ya dafa kafaɗar Toai ya hau bayan babur da ƙyar. Ya riƙe ƙugunsa saboda kwana-kwanar hanya. Toai ya ce duk saukowar nan yana jin hannayen tsohon a cikinsa, yana tunanin wadda ta roƙi wannan mazaunin har ta gaji.

A bakin rafin Khiem bai kunna turare da yawa ba, tsinke ɗaya. Ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya dubi ciyawar gefen ruwa kamar mai neman yarinya da ta ɓuya.

"Kwaɗo, ya isa haka. Tashi mu je gida, Innarmu na jira."

Ya karɓi farantin ya jefa. Ɗaya fuska, ɗaya baya. Masu kanya suka sauke ajiyar zuciya, ɗaya ta ce ai dama.

Toai ya tambaya wace ce Kwaɗo. Khiem ya ce 'ya'ya biyu suka mutu kafin ita, shi ya sa aka sa mata mummunan suna a gida don kada aljanu su yi sha'awarta. Har ta yi aure babu mai kiranta Nhan sai malaman makaranta. Ya ce ta tsani sunan, tana jifansa da takalmi in ya kira ta a gaban mutane. Ya dubi Toai da mamaki na gaskiya ya ce, ba ta taɓa gaya maka ba?

A hawan komawa Khiem ne ya rungume tulun. Akwai 'yan kwalbatoci kafin gari, a kowanne shi yake kira, da wancan sunan, yana ƙara mata da labari: ga gonar shayin da kuka saci ganye, ga inda kika faɗi da keke. Toai bai san ko ɗaya daga ciki ba. Tuƙi kawai yake yi, kamar ɗan acaɓa da aka tare a hanya.

A haikali aka karɓe ta, aka yi karatu, aka tura tulun cikin gurbinsa gefen na uwarta. Gurbin ƙarami ne, riga ba ta shiga. Khiem ya warware ta, ya kakkaɓe, ya miƙa wa Toai da hannu biyu. Ya ce ya zauna ya huta kwana biyu, akwai ɗaki da babu baƙo. Toai ya ce masunta na jira.

Luyen ce ta biyo shi har wurin babur. Wannan karon muryarta ta yi laushi. Ta ce, "Ƙanena, in kana sauka kada ka kira ta. Ko a gada ɗaya. Bakinka ya saba, ita kuma ta saba bin ka. In ka kira, sauka za ta yi."

Bai yi tunanin wannan ba. Ya ce da ya zo ƙaramar gadar hannunsa da kansa ya rage gudu, sunan ya taso har bakinsa. Ya cusa igiyar hular kwano tsakanin haƙoransa ya cije. Haka ya haye ta Dran, haka ya haye duk sauran. Rigar na ɗaure a gabansa inda tulun yake, ba komai a ciki, iska na kaɗa hannayenta. A kwanar da sanyi ya tare shi wajen hawa, a nan zafi ya tare shi wajen sauka. Mai kofi ta gan shi ta fito ta tambaya ko ta isa lafiya. Ya gyaɗa kai bai tsaya ba.

Yanzu ya mayar da katakon, yana dakon ƙanƙararsa kamar dā. Ba ya dariyar nan da layi ke ji. Tsakanin inda yake ɗauko kaya da bakin teku akwai wata 'yar gada a kan magudanar kasuwa, yana haye ta sau da yawa a yini. Mutanen unguwa sun daina gaishe shi a kanta, domin sun lura ba ya amsawa sai ya wuce.

Da ranar cikar shekararta ta matso, Khiem ya aiko da busasshiyar kanya da saƙon cewa a zo. Thoa ta tafi da mijinta a mota. Na tambayi Kawu Toai ko zai je, na ce in babur ne matsalar ga nawa. Ya daɗe yana juya kanyar a hannunsa bai ci ba.

"Hawan ba wuya," ya ce. "Saukowar ce ban amince da bakina ba."